Babi na Huɗu: Baƙunta da Komowa

Ƙauyen Alu ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni, tana maƙwabtaka da Unguwa Uku, kuma birni ya daɗe da haɗiye ta. Manyan hanyoyi biyu ne suka sa wannan yanki a tsakiya. Titin Zariya ya biyo ta Gyadi-Gyadi, ya wuce gaban Asibitin Malam Aminu Kano, ya ratsa Unguwa Uku, sannan ya miƙe kudu: Kwanar Ɗangora, Zariya, Kaduna, Abuja. Titin Maiduguri kuwa ya bi ta Tarauni da Hotoro ya nufi gabas, Wudil, Fataskum, Damaturu, wato fuskar da mahajjatan ƙasa suka riƙa dosa tun ba a san jirgin sama ba. Don haka yaron da ya tashi a nan ba sai an ba shi labarin tafiya ba. Da an sallame asuba 'yan kamasho a tashar Unguwa Uku sun fara ɗaga murya: “Kaduna, saura mutum ɗaya! Hajiya, Abuja ne? Kawo jakar.” Mai shayi na fifita wuta, ana cusa buhuna a but ana ɗaure shi da igiya don ya ƙi rufuwa. In mota ta cika sai a miƙo takarda kowa ya rubuta sunansa, da inda za shi, da lambar wani nasa da za a kira in wani abu ya faru. Fasinjan da ke ta surutu yakan yi tsit a kan wannan layi na ƙarshe, don takardar ta tambaye shi abin da bai cika tambayar kansa ba: duk faɗin duniyar nan, wa zai fara tashi saboda kai? Daga nan direba ya waiwayo ya ce, “Malam, a yi mana addu'a.” A shafa, a kama hanya.

Duk waɗannan mutane sun tafi, amma ba dukansu tafiyar za ta ƙara wa wani abu ba. Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai mabuɗi ba ya buɗe ƙofa da kansa. Da nisa ne ma'auni, da direban da ke Kano zuwa Abuja kullum ya fi kowa sanin duniya da sanin kansa. Alhali a cikinsu akwai mai zurfin hankali wanda hanya ta horar, akwai kuma wanda shekara da shekaru bai san komai a kanta ba sai ramuka da shingen bincike. Abin da tafiya ke yi wa mutum, in ya bari ta yi, shi ne ta mayar da shi baƙo. A unguwarsu mutum yana tafe ne da sunan ubansa, da darajar gidansu, da sahun da ya saba tsayawa a masallaci. Ko bai buɗe baki ba an san matsayinsa. Ranar da ya sauka a Mararraba, ko Sabo ta Ibadan, ko Agege, duk wannan ya tsaya a gida, saura halinsa tsirara. Shi ya sa aka ruwaito cewa da wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko sun taɓa yin tafiya tare. Yunwa da gajiya da ƙarancin guzuri da tsoro su ke tono abin da zaman gida ya binne. Shari'a ma ba ta ɗauki abin da wasa ba: ta rage wa matafiyi sallah mai raka'a huɗu zuwa biyu, ta yarje masa ya ajiye azumi ya rama, hadisi kuma ya siffanta tafiya da yanki na azaba. Daga cikin wannan wahala ce mutum ke ganin kansa, in yana son gani.

Kakanninmu fatake sun san haka, don haka suka yi wa tafiya tsari. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin saƙi da rini, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da komowa watanni ne masu yawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Madugu ke riƙe da ayari, shi ke yanke ranar tashi da inda za a yada zango, shi ke raba gardama. Jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na daidaitawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan abin da za a biya, sannan ga malamin ayari mai rubutu da addu'a da lissafi. A cikin irin wannan tafiya, ɗan babban gida da yaron da ke kora jaki rana ɗaya ke dukansu, rijiya ɗaya suke sha. Saurayin da ya je ya komo ya koyi harshen wasu, ya ga masu bauta wa abin da shi ba ya bauta wa suna cika alkawari, ya bar dukiyarsa hannun mai masauki a zango ya dawo ya tarar da ita. Ya kuma san ko shi mai haƙuri ne ko mai raki, don 'yan ayari sun gaya masa. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan makaranta ta cinikin goro ya yi karatu kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. Alhaji Umaru Salaga kuwa, haifaffen Kano, hanyar ce ta kai shi Gwanja; bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Karachi ya zama limami, kuma daga can nesa ne ya rubuta bayanai masu zurfi a kan yadda Hausawa ke rayuwa. Sai da ya fita daga gida sannan ya iya siffanta gida.

Hanyar gabas ta fi ta Gwanja tsanani. Mahajjacin ƙasa kan bi ta Borno, ya ƙetare zuwa Wadai, ya ratsa Darfur da Kordofan, ya kai bakin Nilu, sannan Sawakin ko Fot Sudan, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sukan tsaya su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don su tara kuɗin gaba, tafiyar ta ɗauke su shekaru, wasu su haihu a hanya, wasu su mutu a kanta, wasu kuma su zauna har jikokinsu su zama 'yan Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Abin lura a nan shi ne irin shirin da al'ada ta ɗora wa mai wannan niyya, wanda har yau da ake zuwa Jidda cikin sa'o'i ba a bar shi ba. Maniyyaci zai biya bashin da ake bin sa, ya mayar da amanar da aka ba shi ajiya, ya bar wasiyya, sannan ya bi gida-gida yana sallama. Zai durƙusa gaban yayarsa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji saboda gado ya ce, “Yaya, a yafe mini,” ita kuma ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya, ka sa mu a addu'a.” Bai taka ko ƙofar gari ba tukuna, amma rabin tafiyar ya riga ya auku, domin ya yi abin da girman kai ya hana shi yi yana zaune.

Malamai sun daɗe da rarrabe tafiyar jiki da ta zuciya. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya ware littafi guda a kan ladubban tafiya, inda ya kasa ta gida biyu: ta jiki daga wuri zuwa wuri, da ta zuciya zuwa ga Ubangiji, ya kuma fifita ta biyun. Ba da ka ya faɗa ba, shi kansa ya ajiye babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 ya nufi Sham da Ƙudus da Makka. Amma Bakano ba ya bukatar zuwa Bagadaza neman misali. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya kama hanyar gabas da nufin zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano sai mutanen gari suka riƙe shi suna neman ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Kamar yadda ya bayar da labari da kansa a cikin Tazyinul Waraƙat, ya ga irin abin da ya gudo dominsa a nan ma yana nan. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya juya ya koma wurin ɗan'uwansa Shehu Usmanu. In da inda aka nufa ake auna tafiya, to wannan ba ta kai ba, don bai ga Makka ba. Amma a cikinta ne ya gane cewa cutar da yake gudu ba ta gari ɗaya ba ce, kuma gyara ya fi ƙaura. Littafin da ya bari a Kano har yau ana karanta shi.

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen masu hali ne, malamai da attajirai. Yawancin waɗanda ke cika motoci a Unguwa Uku ba neman ma'anar rayuwa ya fito da su ba, neman tuwo ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi wa talauci kwalliya. Ɗan ci-ranin da ya gama girbi ya nufi Abuja tura baro ko gadi, da damina ta wadatar da shi da bai bar iyalinsa ba. Haka masu jinya da ke zuwa Asibitin Malam daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, da tabarmarsu da butarsu da kular abinci, ba su suka zaɓi wannan tafiya ba. Sai dai tilas ba ta hana darasi. Fataken Gwanja ma riba suka fita nema. Dattijon da a ƙauyensu ba a yanke magana sai da shi, ga shi a layin karɓar magani yana riƙe da takardar da bai iya karantawa ba, har wata yarinya sa'ar jikarsa ta ce, “Baba, kawo in duba maka.” Wata mata kuma da ba ta san kowa a Kano ba, maƙwabciyar gadon ɗanta ce ke raba mata koko da safe. Wanda ya ɗanɗani wannan ya san nauyin baƙunta ta hanyar da wa'azi ba zai sanar da shi ba. Ko zai koma gida ya tausasa wa baƙon da ya sauka a ƙofarsa, ko zai manta, wannan ya rage nasa. Bukata ce ke fitar da mutum, amma shi ke zaɓen abin da zai yi da abin da ya gani.

Suka ta biyu ta fi ta farko zafi: hanya na cinye mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Samari nawa ne suka bi ta Agadas zuwa Libiya aka tsare su ana neman kuɗin fansa daga iyayensu? Ko a nan gida, hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi shekaru tana firgita matafiya, har waɗanda suka guje mata suka koma jirgin ƙasa aka tare su ranar 28 ga Maris, 2022. Ga kuma ƙananan yara da ake lodawa a mota a kai su garin da ba su da kowa da sunan karatu. Babu mai hankalin da zai ce wa waɗannan tafiya ta buɗe musu ilmi. To amma a dubi abin da aka rasa a cikinsu. Ayarin da yana da madugu da aka san gidansa, wanda sunansa zai ɓaci in ya zubar da mutane. Yana da zango da mai masauki. Yana da ranar komowa. Mai safarar mutane a hamada ba ya amsa tambayar kowa. Almajirin da can yakan tafi ne hannun malamin da iyayensa suka sani, a cikin al'ummar da ta ɗauki ciyar da shi a matsayin wajibi. Baƙunta na horar da mutum ne in akwai wanda zai karɓe shi, in kuma yana da ƙarfin ɗaukarta. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage jefa rai ne cikin halaka, addini kuwa ya hana. Saboda haka wannan suka ba ta rushe maganarmu ba, sharuɗɗanta ta nuna mana.

Akwai kuma mai cewa, in tafiyar zuci ce babba, me ya kawo ta ƙafa? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai samu zuwa Makka ba, wa zai ce bai kai ba? Mata da yawa sun tsufa a cikin gida da hankalin da ya fi na mazajensu masu yawon duniya. Haka ne, kuma masu tarbiyyar ɗariƙa ma ɗaki suke sa almajiri ya shiga halwa. Amma Shehu ya yi shekaru yana zagaya Gobir da Zamfara da Kabi yana wa'azi, sannan ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajjaji ke jagorantar mata daga ƙauyuka su tako zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Amaryar da aka kai gidan miji a wani gari, cikin dangin da ba nata ba, ita ma baƙunta ta yi, kuma mai tsawo. Mai halwa kansa rabuwa ya yi da abin da ya saba. Ko'ina aka duba sai an tarar da wannan rabuwa, tsawonta ne kawai ya bambanta. A nan ne ma wayar hannu ta zo da sabon al'amari. Ta sauƙaƙa wa matafiyi, uwa na jin muryar ɗanta ya sauka lafiya, wannan ni'ima ce. Amma tana iya hana mutum zama baƙo sam. Saurayi zai shiga mota a Unguwa Uku ya sunkuyar da kai a WhatsApp har Zuba, bai gaisa da na kusa da shi ba, bai ga inda dawa ta ƙare doya ta fara ba. Ya sauka a Abuja, hankalinsa bai bar majalisar ƙofar gidansu ba.

Ma'aunin ƙarshe shi ne komowa. Tafiyar da ba a dawo an yi lissafinta ba takan bi iska. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa matsalolin mulkin Arewa, da ya dawo kuma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don wanda bai je ba ya amfana. Malam Aminu Kano, wanda asibitin Gyadi-Gyadi ke ɗauke da sunansa, ya tafi karatu Landan a 1946. Ya ga ƙasar da talaka ke jefa ƙuri'a ya sauke mai mulki, ya dawo yana kallon zaman talakan Arewa da wani ido, ya haɗa kan malaman makaranta a ƙungiya, a 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi siyasar NEPU. Shi ma ya bar littafin tafiyarsa, Motsi Ya Fi Zama. Mutane da yawa sun je Landan a waɗannan shekaru sun dawo da kwat da hotuna. Abin da ya raba su da waɗannan biyu shi ne su sun ɗora abin da suka gano a can a kan abin da suka baro a nan, suka tambayi kansu me ya kamata ya canza, suka fara da kansu. Haka ake gane alhajin da hajjinsa ya zauna masa: ba a haƙorin Makka ba, a mudun da yake auna wa mutane bayan ya dawo.

Saboda haka mai shirin kama hanya, ko Zariya ce ko Saudiyya, ya san dalilin fitarsa, ya san hannun wa zai sauka, ya sallami iyayensa da waɗanda ke da haƙƙi a kansa. In ya isa ya yarda shi baƙo ne, ya yi tambaya, ya rage gardama, kada ya raina abincin mutane ko harshensu. Iyaye kuma kada su saki yaron da bai kai ɗaukar baƙunta ba, kada su miƙa ɗansu ga wanda ba su san inda za su kama shi ba. Mu da muke gida, in namu ya dawo, bayan sannu da hanya da karɓar tsaraba, mu zaunar da shi mu tambaye shi abin da ya gani da abin da ya koya, domin sau da yawa sai an tambayi mutum yake sanin ya koyi wani abu. Allah ya kiyaye hanya, ya komo da kowa gidansa da abin da ya fi wanda ya fita da shi.